Ranar da Na Zaɓa wa Ayashe

Asabar ce, saura kwana goma Babbar Sallah, shekarar da nake da goma sha ɗaya. An yi ruwan shuka da safe, ƙasa tana ƙanshi. Na ɗauko faranti cike da soyayyar karfasa na nufi gidan wani mushe, malamin da ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, don matarshi ta aiko a kai mata. Ni ban taɓa shiga aji ba. Abin da na sani na lakwal shi ne gindin dogon yaron da ke bakin ƙofa, inda nake aje farantina in jira a buga tsohon ƙarfen tayar mota a saki yara. Daga nan na san muryar kowane mushe, na san mai duka da marar duka, amma ban san abin da suke faɗa ba. Ranar nan da na yi sallama na shiga gidan, sai na tarar da abin da ban taɓa gani ba. An shimfiɗa tabarma, yara kamar goma suna zaune, kowa ya yi wanka. An tsayar da ɗiyar gidan a gaban ƙaramin tebur, 'yar mitsitsiya, cikin farar riga. Kan teburin akwai wani abu kamar ƙatuwar masa, an kafa mashi kyandir uku suna ci da rana tsaka. Suka yi waƙa da Faransanci, ta hure wutar, aka tafa. Uwarta ta ɗaga ta sama ta sumbace ta gaban kowa. Na tsaya da faranti a kai har madam, matar mushen, ta ce, "Ke mai kifi, sauke mana, ko sai ya huce?" Na tambaye ta ko suna ake yi. Ta yi dariya ta ce anibarsar ce, yau yarinyar ta cika shekara uku da haihuwa, abin kan tebur kuma sunanshi gato. Ta gutsuro mani. Ban ci ba. Na ƙulle a bakin zane na kai wa ƙanwata.

Ƙanwata Ayashe ce. Ni ce ta fari a ɗakinmu. Tsakanina da ita Inna ta haifi huɗu, ta binne huɗu, babu wanda ya kai yaye. Wabi ke nan. Don haka da aka haifi wannan, tsofaffi suka ce a yi mata yadda ake yi wa irinta. Tun cibiya ba ta faɗi ba aka kai ta kan juji aka aje, Kaka, uwar Babanmu, ta je ta ɗauko ta kamar tsintuwa. Malam ya raɗa mata sunan yanka, amma ba wanda ya taɓa kiranta da shi. Ana aske mata rabin kai a bar rabi. Ba a ɗinka mata sabo, sai tsumman ɗiyan maƙwabta. Ba a yabonta. In ta yi wani abin dariya na ce, "Inna, dubi," sai Inna ta ce, "Rufe bakinki, ana ji." Ba ta taɓa gaya mani wa ke ji ba. Dabarar dai ita ce, in mutuwa ta leƙo ta ga ba a damu da yarinyar ba, sai ta raina ta ta wuce.

Ni na yi renonta. Baba masunci ne, da sassafe yake hawa gora ya shiga tafki duba mamarinshi, igiyar ƙugiyoyin da ya kafa, da hantsi ya wuce gona. Inna tana suya tana banda. Aikina in kankare kifi, in fasa ciki, in wanke, in ɗebo ruwa, in samo itace, sannan in ɗauki talla. Duk wannan Ayashe na bayana, da ta yi ƙafa kuma tana biye da ni riƙe da bakin zanena. In mun je wankin tukwane bakin tafki, ƙarƙashin kukokin nan da ruwa ke cinye gindinsu da damina, nakan zaunar da ita a yashi in tara mata katantanwa. Na yi mata 'yar tsana da ƙashin ƙafar akuya, na kitsa mata gashi da zaren buhu. Na koya mata carabke, hannunta bai iya cafe ko dutse ɗaya ba, amma ba ta gajiya. Ba ta da yawan kuka. In aka ba yara abu aka tsallake ta, sai ta sunkuyar da kai ta kama wasa da yatsun ƙafarta. Yaran unguwa suna kiranta 'yar juji. Na fasa wa biyu baki a kan haka. Bai hana ba.

Sallah ta zo. Aka ɗinka mani riga da zane na atamfa. Ayashe aka ba ta wata tsohuwar riga daga maƙwabta, ta maza ce ma. Da yara suka fito yawon barka da Sallah, na neme ta na rasa. Na same ta bayan rumbu, tsugune, tana tonon ƙasa da tsinke. Ba kuka take ba. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wai tsinto ni aka yi?" Na ce wa ya gaya maki? Ta ce kowa. A nan na yanke shawara. Zan yi mata irin abin da na gani gidan madam. Ba zaƙin gato ne ya dame ni ba. Ina so rana ɗaya tak a taru saboda ita, ta san ita ma haifarta aka yi, akwai ranar da ta zo, kuma akwai wanda ya yi murna da zuwan.

Abu na farko shi ne ranar. Na zaci shi ne mai sauƙi. Na tambayi Inna tana juya kifi a kasko, ko dubana ba ta yi ba. "Ban sani ba. Ina ruwanki?" Na sake tambaya washegari, ta ce in na ƙara za ta fasa mani ludayi a kai. Baba ya ce shi lokacin ya koma gona, da ya dawo ya tarar an ƙaru, iyakar saninshi ke nan. Na tuna akwai wani karne, ɗan littafin awon jarirai da aka ba Inna a gidan likita. Na lalubo shi ƙarƙashin gado cikin wata fasasshiyar ƙwarya. Gara ta cinye shi, abin da ya rage bai kai tafin hannu ba. Na kai wa wata 'yar lakwal mai sayen kifina ta duba mani. Ta juya shi ta juya, ta ce babu komai sai hatimi da rabin sunan Baba.

Sai na koma wajen tsofaffi. Na sami Kaka tana kaɗi a inuwa. Ta ce, "Ranar da aka fara cin tumu aka haife ta. Ubanku ya karyo zangarniya uku an gasa, ban ko kai baki ba uwarku ta durƙusa. Mi za ki yi da shi, sarkin tambaya? Gado za ki raba?" Na ce ba komai. Daga nan na tafi wajen Tabawa ungozoma, wadda ta yanke cibiyar. Ita kuma ta rantse washegarin cika-ciki ne, don ba ta gama jin nauyin tuwon ba aka zo kiranta. To a shekarar nan cika-ciki saura mako uku, gero ko gwiwa bai kai ba, tumu kuwa sai bayan wata biyu. Na koma na gaya wa Kaka, ta ce Tabawa ta rikice tun bara. Na gaya wa Tabawa, ta ce Kaka ba ta san komai ba sai cikinta. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce watan sama yana ja baya kowace shekara, damina kuwa tana nan inda take, shekarar da aka haifi yarinyar tumu da cika-ciki tare suka zo, su biyun duk gaskiya suka faɗa. Sai da na girma na gane haka da kaina. A lokacin na bi Kaka, don ni ma ina tuna ƙanshin gasasshen gero ranar da aka kore ni daga ɗaki Inna na naƙuda, kuma ina bukatar lokacin tara kaya.

Na koma gidan madam na tarar suna ɗaure kaya za su tafi hutu. Ta lissafa mani abin da ake bukata: fulawa, sukari, ƙwai, mai, da wani farin gari mai sa abin ya tashi, wanda sai Maradi ake samu. Ta nuna mani yadda ake zuba yashi a gindin tukunya, a aza kwano a kai, a rufe, a zuba garwashi bisa murfi. Tana faɗa tana dariya, ta ɗauka wasa nake. Cinikin talla na Inna ne, ba na taɓawa. Sai na je wajen mai butik na bakin kasuwa, yana da raguna biyu ɗaure da Sallah ta bari. Muka shirya da shi in riƙa yanko masu ciyawa, shi kuma ya ba ni fulawa da sukari da kyandir. Lokacin noma ne. Muna fita gona da safe, in bi bayan Baba ina cirar ciyawa a gindin gero har azahar, in dawo in yi aikin kifi, sannan in ɗauki lauje in sake fita. Ƙarangiya ta cika mani zane, lauje ya yanke ni a yatsa har ƙashi. Mai butik kuma kullum sai ya ɗaga damin ya ce, "Wannan ai ragona ɗaya ba zai ƙoshi ba." Haka na yi har aka gama maimai. Ƙwai kuwa, zabuwar Kaka ce ta gudu ta yi gida cikin gonar wake. Na bi ta kwana uku har na gano wurin. Na ɗebi huɗu. Sata ce, na sani.

Ɓoye kaya a gida mai ɗaki biyu shi ne wahalar. Fulawa na ƙulle na tura cikin tsohuwar randa bayan rumbu. Ruwa ya shiga, rabi ya dunƙule ya yi wari. Sukari kiyashi suka same shi, na zauna ina tsince su ɗaya bayan ɗaya ina zagi. Ƙwai na ɗebo da wuri, biyu suka ruɓe, da na koma neman ƙari zabuwar ta riga ta kwanta kan sauran, ta biyo ni da sara. Kyandir guda ɗaya mai butik ya ba ni, ya ce shi ma alfarma ce. Na yanka shi huɗu da wuƙar kifi, ɗaya ya farfashe, na liƙe shi da wuta. Riga kuwa, zanen Sallata na raba biyu, na ɗinka da hannu a gona lokacin da ake hutun shan fura. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ayashe kaɗai ta san abin da nake ciki, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, gero ya yi?" In ce saura. Mukan tsaya bakin gona mu duba tare. Ya fid da kai, ya yi bununi, ya fara ido, tsuntsaye suka fara sauka.

Ranar wata Laraba Baba ya karyo tumun fari. Na san bayan kwana biyu Inna za ta kai banda kasuwar Ɗan Issa, da amalanke suke tafiya ita da mata, ba su dawowa sai rana ta faɗi. Baba yana gona korar tsuntsu. Kaka in ta sha fura ta kwanta da azahar, ko ganga ba ta tada ta. Na zaɓi yara biyar, na ce kowa ya yi wanka ya zo, kada ya gaya wa kowa. Wannan ita ce wautata mafi girma. Na kwaikwayi gidan madam, na manta inda nake. A unguwarmu ba a gayyatar yaro biyar. In ana rabon abu a gida na kowa ne, wanda ka ware kamar ka zagi uwarshi.

Inna na fita na hura wuta. Na kwaɓa abin da ya tsira na fulawa da sukari da ƙwai biyu a ƙwarya. Farin garin nan na Maradi babu, sai na jiƙa kanwa na zuba, tunda na ga ana sa ta a ɗanwake. Tukunyar da ta samu ta miyar kifi ce, na wanke ta da toka sau uku, ƙarni bai fita ba. Itace jiƙe yake, hayaƙi ya cika mani ido. Na buɗe murfin ya fi sau goma don in gani, kowane buɗi toka ta zuba ciki. Abin da ya fito, ƙasanshi baƙi ƙirin, samanshi ruwan ɗorawa saboda kanwa, tsakiya ɗanye, kaurinshi bai wuce yatsa biyu ba, kuma yana warin tarwaɗa. Wata biyu na ciyawa ke nan. Na kankare ƙonon da wuƙa, na kife turmi na aza faifai a kai ya zama tebur. Na dube shi na ji kamar in kai shi tafki in jefa. Ayashe ta zo ta tsaya, hannuwa a baya, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Duk nawa ne?" Na ce naki ne.

Na yi mata wanka da sabulun salo, na shafa mata mai, na sa mata kwalli, na rufe rabin askin da ɗankwalina, na zura mata rigar. Ban taɓa ganinta haka ba. Tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa. Yara biyar ɗin suka zo, kowa da ƙannenshi na hannu da na goye, bayansu kuma duk waɗanda ban kira ba. Tsakar gida ta cika, ana ture-ture, wani ya taka kaza. Hadari ya haɗo, iska ta taso, ashana in na ƙyasta sai ta mutu. Na sa manyan suka kewaye turmin suka tare iska da zannuwansu. Kyandir uku suka kama, na huɗu ya ƙi. Waƙar Faransanci ba wanda ya iya, sai suka kama ta gaɗa da tafi. Hayaniyar ta jawo matan maƙwabta, suka leƙo ta kan darni. Wata ta ce, "Wai ɗiyar wa ce wannan? Kai! Ashe yarinyar nan kyakkyawa ce haka?" Ko tubarkalla ba ta ce ba. Ni kuma na ɗaga murya na kira ta da sunanta na yanka, Hauwa'u. Ba ta waiwayo ba, ba ta san ita ake nufi ba. Sai da na taɓa kafaɗarta. Na ce hure. Ta cika kumatu.

Sai na ga yaran bakin ƙofa suna darewa. Inna ce, da kwandon banda a kai, ba a taɓa shi ba. Ruwan da aka yi can kudu ya cika wani kwari a hanya, jaki ya ƙi shiga, suka juyo. Ta sauke kwandon a hankali. Ta dubi kyandir, ta dubi matan kan darni, ta dubi yarinyar. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba. Ta fizge ɗankwalin, ta tuɓe rigar ta cusa a murhu. Ta ɗebi toka ta goga wa Ayashe a fuska da ƙirji. Ta ɗauke ta da hannu ɗaya kamar 'yar akuya, ta fita bayan gida, ta dire ta kan juji. Sannan ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji. "Ga ta nan! Ba tawa ba ce. Ni ba ni so. Mai so ya ɗauka!" Ta juyo ta shige ɗaki. Karon farko da aka yi mata haka jaririya ce, ba ta ji ba. Wannan karon shekararta huɗu, kuma ta ji kowace kalma. Tana tsaye tsirara cikin ɓawon gyaɗa da kashin awaki, ba ta yi kuka ba, ni take kallo. Na yunƙura zan je, wata mata ta riƙe ni ta ce ba ni ce zan ɗauko ba. Hayaniya ta tada Kaka, ta dogara sanda ta je ta kamo hannunta tana cewa, "To, ni na tsinci baiwa." Da na dawo tsakar gida, faifai wayam. Yara sun wawushe gaton suna gudu. Ayashe ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Sai ruwa ya sauko.

Ba a doke ni ba. Na so a doke ni. Inna ta daina yi mani magana, in tana son abu sai ta faɗa wa bango. Ayashe ta daina bina, in na miƙa mata hannu sai ta ɓuya bayan Kaka. Na yi wata biyu ina wahala don ta san ana son ta, na ja an gaya mata gaban duniya ba a so. Bayan kwana uku zazzaɓi ya kama ta. Lokacin tumu ne, sauro ya yi yawa, babu gidan da ba mai kwance. Na san haka, kowa ya san haka, amma ba wanda ya faɗa. Mata masu zuwa sannu sai su dube ni su kau da kai. Kaka ta yi mata turare, Baba ya karɓo rubutu. Rana ta huɗu jikinta ya fara sanƙarewa. Inna ta goya ta ta nufi gidan likita ba takalmi, ina biye da buta, ba wanda ya ce in zo. Aka yi mata allura, aka ce mu riƙa dawowa kullum da safe. Nakan tsaya bakin taga ina cewa a raina, in ta mutu ni na kashe ta, da fulawa da kyandir. Ban roƙi Allah komai ba sai Ya bar ta, ko da ba za ta sake kula ni ba. Rana ta tara ta buɗe ido ta ce tana son kunu.

Bayan mako guda, da hantsi, muna zaune ni da Inna muna gyaran kifi, ƙwarya tsakaninmu, ba mai magana. Ayashe tana can tana bin kaji da kara, ƙafafunta kamar tsinke. Inna ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ba ma ranar ba ce."

Na ce, "Mi?"

"Ranar da kika yi haukarki. Ta gaskiyar ta riga ta wuce da kwana arba'in da biyu. Washegarin cika-ciki na haife ta, rana tsaka."

"Kin ce ba ki sani ba."

"Wadda ta binne huɗu ce ba ta iya ƙirga ba?"

Ta jefa kifi cikin ruwa ta ɗauko wani. Can ta ce, "Gumbar da na daka da zuma, na ce ki kira yaran maƙwabta ku ci, har kika ce ko baƙi za mu yi, ta mi ce? Sau huɗu ke nan ina yi. Ita nake ba dunƙulen farko." Na tuna gumbar. Na ci, na lashe hannu, har na yi faɗa da wata a kan ragowar. Ina can ina tsintar kiyashi a sukari, ashe an riga an yi abin a gabana, ba kyandir, ba tafi, ba wanda ya leƙo ta kan darni. Haushi ya kama ni. Na ce, "To don mi ba za ki gaya mata ba?" Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "In kin haihu ki gaya wa naki." Ta ci gaba da aiki. Ba mu sake tada zancen ba har ta rasu.

Ayashe ta rayu. Da ta kai bakwai aka bar gashinta ya fito duka. Yanzu tana aure a Safo, ɗiyanta biyar. Sai da ta yi haihuwar fari na gaya mata zancen gumba. Ta ce ita ba ta tuna gumba, jujin kawai take tunawa. Ni na haifi shida, na binne biyu. Na san ranar kowannensu, na raye da na ƙasa, ba takarda ba karne. Ban kai kowa juji ba, amma ban iya yabon ɗa gaban mutane ba, harshena ba ya juyawa. Yau a Madarunfa anibarsar ba abin kallo ba ce. Ana kawo gato daga Maradi a kan moto, da sunan yaro rubuce a kai, a ɗauki hoto da waya a watsa wa wanda aka sani da wanda ba a sani ba. Bara aka yi wa jikata. Uwarta ta ce in zo in yanka, na ce hannuna na ƙarnin kifi. Na zauna gefe, gabana na faɗuwa har aka watse, kuma babu abin da ya faru, yarinya ta kwana lafiya ta tashi lafiya. Yaran yanzu ana gaya masu da baki. Na so Inna ta kai wannan zamani, ta faɗa ko sau ɗaya ba tare da tsoro ba. Mu an so mu, amma a ɓoye, kamar kayan sata.